Igiyar da Mansura Ta Ba da Aro

Wanda ya saba shiga kasuwar Gwarzo ta ɓangaren masu mai zai san Mansura ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, mai ƙarancin magana. Tana zama a bayan jarkokin man gyaɗa da daron ƙuli-ƙuli, 'yarta na wasa a gefenta. Ba ta kiran mai saye. In ka tsaya ta auna maka, in ka wuce ba ta bi ka da ido. Matan da ke kusa da ita sun ce tana da daɗin zama, sai dai akwai hira guda da in aka ɗauko ta, takan tuna ba ta yi alwala ba. Hirar ɗaukar soja ce.

'Yar Gude ce, 'yar Malam Jibirin, manomi mai sayar da irin shuka. Aurenta na fari ya kai ta wani ɗan ƙauye a yankin Durun, gidan wani saurayi Sagiru. Ita ta ce tana sonsa, ba wanda ya sa ta. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Babba a gidan shi ne ƙanin mahaifinsa, Baba Badamasi, dillalin dabbobi, mutumin da ba a taɓa kawo masa matsala ya ce bai ga hanya ba.

Sagiru yana noma da damina, yana acaba da rani, amma zuciyarsa tun yana yaro tana wurin kaki. Ya taɓa nema kafin aure, aka zubar da shi a wurin gudu. Da Mansura ta gane abin bai fita daga ransa ba, sai ta ɗauke shi ya zama nata. Ita ke tashinsa da asuba. In ya dawo daga masallaci ya kama hanyar Kabo da gudu, kafin ya juyo ta ɗora ruwan zafi da gishiri na gasa ƙafa. Ta dama fura da kauri, ta daka ƙuli ta zuba masa a kan komai. Matan maƙwabta har tsokanarta suke ta kan katanga.

"Mansura, wai ke ce kofur ɗin nasa? Mun ji kina ba da oda tun duhu."

"Ku bar ni," takan ce tana dariya, "in ya zama janar ba zan san ku ba."

A shekara ta biyu sunansa ya fito cikin waɗanda za a tantance. Murna ba ta kwana ba aka tuna da sharaɗi: marar aure ake nema, kuma sai dagaci ya shaida. Dagacin kuwa tsoho ne da ya ci goron ɗaurin aurensu, kuma an san ba ya shaidar abin da ba haka yake ba.

Da hantsi Baba Badamasi ya tara su a tsakar gida, aka jingina Inna da bango a kan tabarma. Ya gyara hularsa ya dubi Mansura.

"'Yata, abin ba wuya. Igiya uku ce a hannun yaron nan. Ɗaya za ki ba mu aro. Ya furta saki ɗaya, mu je gaban dagaci da gaskiyarmu, ba wanda ya yi ƙarya. Ke kina nan a ɗakinki kina idda, ko cokali ba za a ɗaga ba. Kuma dubi yadda Allah ya shirya mana: kina da juna biyu. Iddar mai ciki ba ta fita sai ta haihu. Kafin nan ya daɗe da cewa ya mayar da ke. Kalma ce kawai, ba sadaki, ba goro."

Mansura ta murza gefen zanenta. Cikin bai ma fara nunawa ba.

"Baba, in an dawo daga wurin dagaci, me zai hana ya mayar da ni a yau ɗin?"

"Za a sake tambayarsa a wurin tantancewa, a sake tambayarsa a Zariya. So kike ya rantse a kan ƙarya? Bari ya shiga tukuna a rufe ƙofa."

Sagiru ya matso kusa da ita. "Da na sa ƙafa a defo, wurin horon, kiran farko da zan yi na wannan maganar ne. Ki yarda da ni."

Ta yarda. Da ya zo furtawa muryarsa ta yi rawa har sai da Baba Badamasi ya ce ya ɗaga murya a ji. Mansura ta riƙe wannan rawar muryar a zuciyarta, ta daɗe tana ɗumama kanta da ita. Inna kuwa ta kau da kai. Ta nemi a mayar da ita ɗaki, wai rana ta fara zafi.

Dagaci ya daɗe yana kallonsu kafin ya shaida. Magana kuwa ba ta tsaya a fadarsa ba, ta isa Gude kafin mako. Malam Jibirin ya zo a kan kekensa, ya zauna a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo. Baba Badamasi ya warware masa komai yana murmushi, ya ƙare da cewa dabara ce kawai.

"To," in ji Malam Jibirin. "Ni dai ban san ana dabara da wannan ba." Ya leƙa ya sa wa 'yarsa albarka, ya hau kekensa.

Sagiru ya haye tantancewa. Ranar tafiya Mansura ta cika masa jaka, ta raka shi iyakar zaure, domin mai idda ba ta yawo. Daga nan gidan ya koma hannunta.

Ita ke ɗaga Inna, ta yi mata wanka, ta shafa mata man zafi, ta ba ta kunu a baki. Da damina ta faɗi ita ta dafa wa masu gayya abinci har aka nome gonar Sagiru. Tsakanin wannan da wancan tana ɓarar gyaɗa, tana suya, tana matsar mai. Wayarta kuwa kullum tana ɗaure a bakin zane, ko bayan gida za ta.

An yi makonni kafin wayar ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Da ƙyar ta gane muryar, ta dishe.

"Ni ne. Wayar wata mai abinci na ara. An aske mu tas, ƙafata duk ta kumbura. Ba ma barci, Mansura. In an samu mai zuwa ki aiko min da garin kwaki da sukari da ƙuli. Ya Inna?"

"Lafiyarta ƙalau. Sannu. Allah ya ba ka juriya."

"Amin. Ana kiranmu, sai an jima."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta ce wa kanta, mutumin da ba ya barci, ina zai tuna. Ta tashi ta jiƙa gyaɗa.

A kira na biyu ta ce masa, "Cikin nan fa ya fara tsufa."

"Allah ya sauke ki lafiya," ya ce, ya shiga ba ta labarin wani kurtu ɗan Bichi da ya sume a fareti.

Da ciki ya kai lokacin da ake ɗaukar mai haihuwar fari a kai ta gidan iyayenta, mahaifiyarta ta aiko daga Gude. Mansura ta ce a ba ta haƙuri. Idda a ɗakin miji ake yin ta, kuma in ta tafi wa zai ɗaga Inna? A ranta akwai dalili na uku da ba ta faɗa ba. Gani take in ta fita daga ɗakin nan, kamar ta yarda sakin na gaske ne.

A kira na uku ta ajiye kunya.

"Maganar nan fa?"

"Wace magana?"

"Ta komen."

"Akwai mutane kusa da ni," ya ce a hankali. "Wayar ma ba tawa ba ce. In wani ya ji, kora ta za a yi."

Wannan ma ta karɓa. Har ta ga laifin kanta da ta nemi jefa shi cikin haɗari.

Sai labari ya zo cewa za a bar 'yan uwa su ga kurata na yini guda. Baba Badamasi ya ce shi zai je. Mansura ta sa aka yanka kajinta, waɗanda take tanadi domin jego, ta yi dambun nama. Ta soya ƙuli mai sukari da mai yaji, ta ƙulla gari, ta haɗa da man zafi da sabulu. Da safen tafiya ta durƙusa da ƙyar a gabansa, cikin ya yi mata nauyi.

"Baba, don Allah ka ja shi gefe. Ko a kunne ne ya faɗa maka. Kai shaida ne, ya wadatar."

"Ki kwantar da hankalinki. Don me zan yi wannan doguwar tafiya in ba don shi ba?"

Washegari ya dawo. Ya yi ta ba da labarin ƙofar bariki da yadda Sagiru ya yi baƙi ya murɗe. Mansura ta kawo masa ruwa ta tsaya.

"Ai 'yata ba a bar mu mun zauna ba," ya ce yana kallon cikin kofin. "Daga miƙa kaya sai aka busa usur. Amma saura kaɗan su fito. Cikin naki zai jira shi."

Cikin bai jira ba. Wata safiya tana tsaye a kan kaskon suya naƙuda ta kama ta, kafin azahar ta sauka. Mace ce. Da jaririyar ta yi kukan farko mata suka rangaɗa guɗa, Mansura kuwa ta juya fuskarta ga bango hawaye na zuba. Ungozoma ta ce zafin haihuwar fari ne, zai wuce. Babu wanda ya gyara mata zance.

Aka yi suna, Baba Badamasi ya kawo rago mai kyau, aka raɗa wa yarinya Rufaida. Malam Jibirin ya zo ya ɗauki jikarsa ya yi mata addu'a. Da zai tafi ya ce wa 'yarsa, "Yanzu ke ba matar kowa ba ce, kin sani. In kin shirya zan zo da mota."

"Baba, saura 'yan kwanaki ya fito. Ba a ba shi dama ba ne. In ya zo sai a sake ɗaurawa."

Malam Jibirin ya dube ta. "Allah ya sa," ya ce.

Ba ta je faretin yaye su ba, tana wankan jego. Ranar da Sagiru ya iso, ƙauye ya cika da hayaniya. Ta leƙa ta labule ta gan shi cikin kaki, wuyansa ya yi kauri, tafiyarsa ta sake. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya karɓi Rufaida ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Sannu, mai jego." Ya ci tuwon da ta tuƙa da sauri kamar za a ƙwace. Da yamma ya kai jakarsa shagon da ke ƙofar gida. Abin bai dami Mansura ba, ai haka ya kamata kafin a sake ɗaurawa. Ta sa aka yi mata kitso da lalle, ta sa rai ga Juma'a.

Juma'a ta zo ta wuce. Ba ta ga goro ba, ba ta ji an aika Gude ba.

Ranar Lahadi da hantsi Sagiru ya shigo yana goge takalmansa a inuwar ɗakin Inna. Ita tana shanya gyaɗa, Rufaida na bayanta. Ta gama shanyar, ta sake bazawa, sannan ta yi magana.

"Baban Rufaida, an ce hutun naku gajere ne."

"Jibi zan koma. Ba mu san inda za a tura mu ba."

"To yaushe za a je wurin Baba a Gude?"

Ya ci gaba da goge takalmin. "A yi me?"

"A ɗaura."

"Ai na zaci an gaya miki." Ya ɗago yana mamaki, kuma mamakin na gaske ne. "Tun ranar da Baba Badamasi ya je na faɗa masa."

"Ranar da aka busa usur?"

"Wane usur? Yini muka yi tare a gindin bishiya, har dambun naki muka ci da abokaina, suna ta sa miki albarka. Ya ce in furta komen, na ce masa ba zan furta ba. Na ce ya gaya miki tun da wuri, kada ki yi ta jira."

Mansura ta saki gyaɗar da ke hannunta. Ta dafa turmi.

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba, wallahi. Ke ba ki ga abin da na gani ba ne. Can wata duniya ce daban. Mutum ya fara aiki ke nan, bai san gabansa ba, gara a ce ba nauyin kowa a kansa. Ni da na ji ni sakayau, sai na ga..." Ya bar maganar a nan, ya hura wa takalmin iska. "Amma ba wanda ya ce ki tafi. Ɗakinki ne. Ki zauna da Inna, kun saba. Duk wata zan riƙa aiko da na yarinya da na cefane."

"In zauna a matsayin wa?"

Ya ɗauki ɗaya takalmin.

Ta shiga ɗakinta. Da ta fito tana sanye da dogon hijabinta na zuwa unguwa, har ƙasa, a tsakar gidan da ta shekara biyu tana yawo da ɗankwali. Sagiru ya dube ta, ya dubi hijabin, ya tattara takalmansa ya fita waje.

Ta shiga wurin Inna ta zauna a bakin gado. Tsohuwar ta ji komai, ƙofar a buɗe take.

"Inna, ke ma kin sani?"

Inna ta daɗe tana motsa baki. Maganarta ba ta fita sosai tun da ciwon ya same ta.

"Badamasi ya gaya min a ranar da ya dawo."

"Kullum ina ɗaga ki, ina kwantar da ke. Kina kallona ina duba waya."

"Ina kallonki."

"Da kin gaya min, da a gidanmu na haihu, a hannun mahaifiyata."

"Shi ya sa," in ji Inna. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi, ta kasa gogewa. "Na ji tsoro, Mansura. In kin tafi, wa nake da shi?"

Mansura ta zauna tana kallon hawayen. Can ta sa gefen hijabinta ta goge mata. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta fita ta kira Gude.

A ranar ta yi duk abin da ta saba. Ta yi wa Inna wanka, ta wanke kayanta ta shanya, ta dama kunu mai yawa. Ta kira matar maƙwabci ta nuna mata yadda ake sa hannu a ƙarƙashin hammata in za a ɗaga ta, da ɓarin da ba a kwantar da ita a kai. Matar ta ce, "Ni fa ina da nawa aikin, sai dai in leƙo." Mansura ta ce, "Ki gaya wa masu gidan."

Washegari Malam Jibirin ya zo da a-kori-kura. Aka fitar da gado da kwanuka, da kaskon suya da turmi. Buhunan gyaɗar da aka noma a gonar Sagiru ta bar su a inda suke, ko da yake ita ta ɓare rabinsu. Sagiru ba ya nan, an ce ya tafi Kabo sallama da abokai.

Baba Badamasi yana zaure. Ya miƙe ya ba Malam Jibirin hannu, Malam Jibirin ya karɓa. Ya tambaye shi gida, ya tambaye shi iyali, da gajiya, da kasuwar dabbobi, da yadda dawa ta yi bana. Bai rage komai daga gaisuwar ba, bai kuma ƙara komai a kanta ba. Baba Badamasi ya yi ta amsawa yana gyara hula.

Da Mansura ta zo wucewa da Rufaida a baya, ya yi gyaran murya.

"'Yata, abin nan fa ba a yanke shi ba. Yaro ne, zai huce. Har yanzu akwai igiya biyu, in aka bi a hankali akwai hanyar da..."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba. "Baba, mun tafi. A riƙa juya Inna kafin azahar, bayanta yana yin ciwo."

Ta tashi ta shiga gaban motar kusa da mahaifinta. Direba ya tambaya ko akwai sauran kaya. Malam Jibirin ya dubi 'yarsa. Ta ce babu.